Burt Munro: Dattijon da ya shafe shekara 40 yana ƙera babur da hannunsa har ya kafa tarihin gudu

A ranar 26 ga Agustan 1967, wani dattijo ɗan ƙasar New Zealand mai shekara 68 ya kwanta rub-da-ciki a kan wani babur da aka ƙera shekara 47 kafin nan, ya keta filin gishiri na Bonneville da ke jihar Utah ta Amurka da gudun da ya haura kilomita 295 a sa'a guda.

Sunan dattijon Burt Munro, kuma bajintar da ya kafa a wannan rana a ajin lulluɓaɓɓun baburan da injinsu bai kai cc 1,000 ba tana nan a kundin tarihi har yau.

Ba wani kamfani da ya ɗauki nauyinsa, kuma bai yi karatun injiniya ba. Babur ɗin da ya hau shi ne wanda ya saya yana saurayi, a lokacin da iyakar gudunsa kilomita 89 ne a sa'a. Tsakanin waɗannan lambobi biyu akwai aikin shekara 41, da karaya da ƙuna, da mutuwar aure, da kuma injin da ya sha tarwatsewa ana sake haɗa shi.

Ɗan manomi mai son gudu

An haifi Herbert James Munro a ranar 25 ga Maris na 1899 a yankin Southland, can ƙarshen kudancin New Zealand. Tagwaye ne shi da 'yar'uwarsa, amma ita ba ta zo da kwana ba.

Ya tashi a gonar mahaifinsa William Munro da ke Edendale, gabas da birnin Invercargill. Asalin zuriyarsu daga arewacin Sikotland ne. A gida Bert ake kiransa. Sai daga baya, da 'yan jaridar Amurka suka riƙa rubuta sunan Burt, ya bar shi a haka.

Tun yana yaro aka san shi da son gudu. Yakan hau dokin da ya fi kowanne sauri a gonar ya yi ta sukuwa, abin da mahaifinsa ba ya so. Zamanin kuwa shi ne na bayyanar motoci da babura da jiragen sama, don haka aikin gona bai daɗe yana riƙe hankalinsa ba.

Ya so tafiya Yaƙin Duniya na Ɗaya domin ya ga duniya, amma yaƙin ya ƙare kafin ya samu dama. Ya yi aikin leburanci a wurin haƙa ramin jirgin ƙasa na Otira, mai tsawon kilomita takwas da rabi a ƙarƙashin duwatsu, sannan ya koma taimaka wa mahaifinsa.

Daga baya ya tsallaka Ostireliya inda ya shiga tseren babura. Karyewar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929 ce ta dawo da shi gida. Ya zama mai tallar babura kuma bakanike, sana'ar da ta ba shi damar zama kusa da abin da ransa ke so.

Ya auri Florence Beryl Martyn a 1927, suka haifi 'ya'ya huɗu.

Babur ɗin da ya saya a 1920

Sunan babur ɗin Indian Scout. Ba shi da wata alaƙa da ƙasar Indiya. Indian sunan wani kamfanin Amurka ne da ke birnin Springfield a jihar Massachusetts, wanda a wancan zamani yake gogayya da Harley-Davidson.

A 1920 aka fara fitar da samfurin Scout, kuma na Munro shi ne na 627 da ya fito daga masana'antar. Injinsa mai silinda biyu ne da aka jera kamar harafin V, girmansa kimanin cc 600. Domin a gane, ƙananan baburan da aka saba haya da su yawanci cc 100 zuwa 125 ne.

Babur ne na zirga-zirgar yau da kullum, mai ƙarko amma marar zafin gudu. Giyarsa uku, da hannu ake sa ta, kuma ba shi da birkin gaba.

Munro ya shekara shida yana hawansa yadda ya zo. A 1926 ya fara taɓa injin, kuma daga wannan shekara bai sake barin sa ya huta ba har tsufa ya ci ƙarfinsa.

Yadda ya sake ƙera injin

Matsalar farko ita ce yadda injin ke shaƙar iska. A tsarin da kamfani ya yi, bawul-bawul ɗin suna gefen silinda ne, don haka sai iska da mai sun yi kwana kafin su shiga inda za su ƙone. Wannan tsari yana da sauƙin ƙerawa da gyara, amma yana shaƙe injin idan aka matsa masa.

Munro ya ƙera sababbin kawunan silinda, ya mayar da bawul ɗin sama, yadda iska za ta faɗa kai-tsaye. Sannan ya sauya tsarin kam, wato ƙarafan da ke buɗe bawul suna rufewa, daga biyu zuwa huɗu, ta yadda kowane bawul ya samu nasa. Da magagari yake goge su har su kai siffar da yake so.

Duk lokacin da ya ƙara wa injin ƙarfi, sai wani sashe da ba a yi shi don wannan nauyi ba ya karye. Idan ya ƙarfafa wancan, sai na kusa da shi ya gaza. Haka ya bi sassan ɗaya bayan ɗaya: fistin, da silinda, da kwanrod mai haɗa fistin da kuranshaf, da kuloci, da hanyar da baƙin mai ke zagaya injin.

Da yake ba shi da kuɗin sayen kaya, kuma New Zealand na da nisa da manyan masana'antu, sai ya koma ga abin da wasu suka yar.

Fistin yakan narka tsofaffi ne ya zuba a gwangwani, idan ya huce ya sassaƙe shi a wani tsohon injin sassaƙar ƙarfe da yake da shi. Silinda kuma daga tsofaffin bututan gas na baƙin ƙarfe da aka tono a Invercargill yake yanko su. Kwanrod ya sassaƙo su daga aksul ɗin katafila, aikin da kan ci masa watanni da zarto da magagari. Har wani sifok na taya ya mayar abin awo.

Tayoyi ma ba su tsira ba. Tayar da aka yi musamman don babban gudu ta fi ƙarfin aljihunsa, saboda haka yakan sa wuƙa ya fere zanen tayar hanya har ta yi sumul. Dalili shi ne idan taya na juyawa da matsanancin sauri, kaurin robar da ke bayanta na iya ɓallewa ya yi tsalle.

A hankali ya riƙa faɗaɗa injin daga cc 600 zuwa 850, zuwa 920, har ya kai 950. A ƙarshe kaɗan ne ya rage na ainihin abin da kamfanin Indian ya ƙera. Shi ya sa ya raɗa masa suna Munro Special.

Sassan da suka fashe kuwa ba ya zubar da su. Yakan jera su a kan katakai a wurin aikinsa, fasassun fistin da lanƙwasassun kwanrod birjik, kowanne na nuna inda lissafi ya ƙi.

Bakin teku ya zama filin gwaji

Kusa da Invercargill akwai wata gaɓar teku mai suna Oreti, shimfiɗaɗɗiya mai tsawon kusan kilomita 26. Idan ruwa ya janye, yashin kan yi tauri har mota ta bi ta kai. Nan ne Munro ya mayar filin gwajinsa.

A 1940 ya kafa tarihin gudu a kan titi na ƙasar New Zealand da mil 120.8 a sa'a, wato kilomita 194. Wannan bajinta ta shekara 12 ba wanda ya karya ta. A 1957 kuma, yana da shekara 58, ya kafa ta bakin teku da mil 132.38, wato kilomita 213.

Ban da Indian ɗin, yana da wani babur ƙirar Ingila mai suna Velocette na 1936, wanda shi ma ya sake masa fasali yana shiga gajerun tsere da shi.

Duk wannan bai zo a banza ba. Ya sha faɗuwa a kan yashi da kan titi, ya karye, ya suma, ya yi jinya, ya tashi ya koma.

Gidan da ya koma gareji

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aurensa ya mutu. Ya bar aikin albashi, ya gina wani ɗan gareji na bulo a titin Bainfield da ke Invercargill, ya mayar da shi wurin aiki kuma wurin kwana. Gadonsa na kusa da babur ɗin.

Daga nan rayuwarsa ta koma abu guda. Yakan wuni ya kai dare yana aiki a kan injin, da ɗan abin da yake samu yake ci yake sayen ƙarfe.

A 1953 kamfanin Indian ya daina ƙera babura a Springfield. Wato mutumin da ke ƙoƙarin kai babur ɗin matsayin duniya ba shi da ko masana'antar da zai rubuta wa takarda ya nemi kayan gyara.

Daga ƙarshen shekarun 1950 kuma ciwon ƙirji mai nasaba da zuciya ya kama shi, ciwon da ya zauna da shi har ƙarshen rayuwarsa. A daidai wannan lokaci ne ya fahimci cewa babur ɗin ya fi ƙarfin titunan ƙasarsa da gaɓar tekunta. Babu inda zai samu doguwar hanya miƙaƙƙiya da zai sake masa totur har ƙarshe.

Me ya sa sai Bonneville?

Bonneville busasshen gindin wani tsohon tafki ne da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce, ya bar farin gishiri shimfiɗe kamar faranti, tsawonsa kimanin kilomita 19. Yana kusa da garin Wendover, a iyakar jihohin Utah da Nevada.

Tun a 1935, lokacin da Baturen Ingila Malcolm Campbell ya haura mil 300 a sa'a da motarsa a wurin, filin ya zama matattarar masu neman kafa tarihin gudu. Duk shekara a watan Agusta ake yin makon gasa.

Ƙa'idar wurin a zamanin Munro ita ce mutum ya fara yin gudun cancanta, sannan ya bi ta cikin mil ɗin da aka auna sau biyu, zuwa da dawowa, a ɗauki matsakaicin gudun. An yi haka ne domin kada iskar da ke tura mutum ta baya ta ba shi nasarar da ba tasa ba. Ma'ana dole injin ya jure sau biyu a jere.

Sai dai wurin yana da nasa tarkon. Yana da tudun kusan mita 1,280 sama da teku, don haka iskarsa ba ta da kauri kamar ta bakin ruwa. Injin da aka saita kafiretonsa a Oreti, idan ya zo nan sai an sake masa saiti, in ba haka ba mai ya yi masa yawa ya rage ƙarfi. Wanda kuma ya rage man fiye da kima, zafi ya huda masa fistin.

Babban abokin gaba kuwa ita ce iskar da ke gaban mai gudu. Idan aka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska na ninkuwa sau huɗu, ƙarfin injin da ake buƙata domin keta ta kuma sau takwas. Wannan ne ya sa ƙarin ƙarfin inji kaɗai ba ya isa.

Saboda haka Munro ya sauke babur ɗin ƙasa sosai, ya ƙara masa tsawo, ya ƙera masa kwanso mai siffar kifi da ya lulluɓe shi. Ya fara da alminiyam da ya buga da guduma, daga baya ya koma faiba. Cikin kwanson matsattse ne, ƙafarsa na dab da salansa, abin da ya sa ya sha ƙonewa. Ja ne launinsa, da lamba 35 a jiki.

Shekaru ukun da ya kafa tarihi

Sau goma Munro ya je Bonneville. Zuwan farko a shekarun 1950 na kallo ne kawai. A jirgin ruwa yakan kai babur ɗin Amurka, ya sayi tsohuwar mota mai arha, ya ɗaura mata tirela ya ja shi zuwa Utah.

A can ya samu abokai cikin masu tsere, waɗanda suka riƙa taimaka masa da masauki da kayan aiki da tura babur ɗin har ya tashi. Cikinsu akwai Marty Dickerson da Rollie Free. Shi Free ya yi suna ne a 1948, lokacin da ya tuɓe kayansa ya bar ɗan kamfai kawai, ya miƙe a kan babur ƙirar Vincent ya yi gudun mil 150 a sa'a a wannan fili.

A 1962, yana da shekara 63, Munro ya kafa tarihinsa na farko a Bonneville a ajin cc 883. Injin na cc 850 a lokacin, ya kuma yi gudun kusan mil 179 a sa'a, wato kilomita 288.

Shekarun da suka biyo baya sun zo da wahala. Wani zuwan inji ya fashe, wani zuwan kwanson ya ƙi zama daidai. Idan gudu ya yi nisa, babur ɗin kan fara karkaɗa jela kamar kifi, lamarin da ya sa ya sha sauya fasalin bayansa. Da tafiya ta yi tafiya, sai ya riƙa barin gangar jikin a Amurka ya koma gida da injin kaɗai, ya shekara yana gyara, ya dawo da shi.

A 1966 ya kafa na biyu a ajin cc 1,000 da mil 168.07, wato kilomita 270, injin na cc 920.

Sai 1967, shekarar da ta fi kowacce. Da injin cc 950, ya yi gudun cancanta na mil 190.07 a sa'a, kusan kilomita 306, wanda a lokacin shi ne gudu mafi girma da aka taɓa aunawa a hukumance a kan babur ƙirar Indian. Matsakaicin zuwa da dawowarsa kuma aka rubuta mil 183.59.

A wannan shekarar ma ya tsallake rijiya da baya. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari daga baya, babur ɗin ya fara rawa a tsakiyar wani gudu, sai ya ɗago jikinsa daga kwanson domin iska ta rage masa sauri. Iskar ta fizge tabaran da ke kare idonsa, ya daina gani, ya kauce daga baƙin layin da ake bi har ya kusa karo da wani turken ƙarfe. Ya kwantar da babur ɗin a kan gishirin, ya tashi da ƙujewa kawai.

Yana da kyau a fahimci matsayin bajintar. Munro bai zama wanda ya fi kowa gudu a kan babur a duniya ba. A 1966 Ba'amurke Bob Leppan ya yi mil 245 da wani babur mai injin Triumph guda biyu. Abin da Munro ya kafa na ajinsa ne. Abin da ya bambanta shi shi ne ya yi hakan da inji ɗaya wanda tushensa na 1920 ne, da kayan da ya narka ya sassaƙa da hannunsa. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Fetur, methanol da nitro

Wani ɓangare na sirrin irin waɗannan injuna yana cikin tanki. Munro da methanol yake gudu, wani nau'in sinadari mai kama da ruwa da masu tsere ke amfani da shi a madadin fetur.

Ƙarfin inji ya dogara ne da yawan man da zai iya ƙonawa da iskar da ya shaƙa. Fetur na buƙatar iska mai nauyinsa kusan sau 15 kafin ya ƙone sarai. Methanol na buƙatar kusan sau shida da rabi ne kawai, don haka ana iya zuba shi fiye da ninki biyu a cikin iska ɗaya. Yana kuma sanyaya injin, abin da ke da amfani ga injin da ba shi da lagireto, iska kaɗai ke fifita shi.

Gaba da methanol akwai nitromethane, wanda ake taƙaitawa da nitro. Shi yana ɗauke da nasa iskar oksijin a jikinsa, saboda haka iskar da yake buƙata ba ta kai ninki biyu na nauyinsa ba. Ana iya cusa shi da yawa ƙwarai a silinda, ya ba da ƙarfi mai ban tsoro, amma ƙaramin kuskuren saiti kan tarwatsa inji nan take.

Da nitro ake gudun wasu daga cikin baburan tseren miƙaƙƙen layi na Amurka, inda babura biyu ke tashi daga tsaye su cinye rubu'in mil, wato mita 402. Har yau yawancinsu ƙirar hannu ne a ƙananan wuraren aiki, irin tafarkin da Munro ya bi. A 1983 Elmer Trett ya zama na farko da ya haura mil 200 a sa'a a wannan gajeriyar tazara a kan babur, kuma a kan babur ɗin tsere ya rasu a Indianapolis a 1996. Mafiya sauri a yanzu kan gama tazarar cikin ƙasa da daƙiƙa shida.

A fim ɗin da aka yi kan rayuwar Munro an nuna shi yana jefa ƙwayar maganin zuciyarsa a tankin babur. Maganin irin wannan ciwo nitroglycerin ne, sinadarin da ya sha bamban da nitro na masu tsere duk da kamannin suna, kuma ɗan abin da ke cikin ƙwaya ɗaya bai isa ya ƙara wa inji komai ba.

Ƙarshen tafiya

Munro ya ci gaba da zuwa Bonneville har farkon shekarun 1970, amma bai sake kafa wani tarihi a can ba. Shekaru sun ja, ƙa'idojin kare lafiyar masu tsere kuma sun ƙara tsauri.

A 1971 wani matashin mai shirya fina-finai, Roger Donaldson, ya yi shirin talabijin a kansa, wanda ya sa mutanen ƙasarsa da dama suka san irin aikin da dattijon ke yi a garejinsa.

A 1977 ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun da ya shekara 50 yana riƙe magagari ya daina yi masa biyayya. Da ya ga ba zai sake hawa ba, sai ya sayar da Indian ɗin da Velocette ga abokinsa Norman Hayes, ɗan kasuwa a Invercargill, domin yana son su zauna a yankin da aka haife shi.

Ya rasu a ranar 6 ga Janairun 1978 yana da shekara 78, aka binne shi a maƙabartar gabas ta Invercargill. Mutumin da ya yi rayuwarsa a bakin haɗari, rashin lafiya ce ta zama ajalinsa.

Abin da ya biyo bayan rasuwarsa

Kusan shekara 30 sunansa bai wuce bakin masu sha'awar babura ba. A 2005 Roger Donaldson ya dawo kan labarin da fim mai suna The World's Fastest Indian, inda fitaccen ɗan wasa Anthony Hopkins ya fito a matsayin Munro. Fim ɗin ya haɗe abubuwan da suka faru a tafiye-tafiye daban-daban ya mayar da su tafiya ɗaya, ya kuma ƙara nasa gishiri, amma shi ya kai sunan dattijon ko'ina a duniya.

A 2006 ƙungiyar masu babura ta Amurka, AMA, ta sanya shi cikin jerin gwarazanta. A shekarar ce kuma aka fara gasar Burt Munro Challenge a Southland, wadda ke tara dubban masu babura, har da tsere a gaɓar Oreti inda ya yi gwaje-gwajensa.

A 2014 ɗansa John ya gano an yi kuskure wajen lissafin matsakaicin gudun 1967. Ya kai wa AMA, ta duba ta tabbatar, ta ba da sabuwar takardar shaida da ke nuna mil 184.087 a sa'a, wato kilomita 296. Da haka bajintar ta ƙaru shekara 36 bayan mai ita ya kwanta dama.

Sunan Indian ma ya farfaɗo a hannun sababbin masu shi. A 2017, domin cika shekara 50 da kafa tarihin, kamfanin ya kai wani ɗan zuriyar, Lee Munro, filin Bonneville da sabon Scout na zamani.

Shi kuwa injin da aka ƙera da bututun gas da aksul ɗin katafila yana nan a shagon E Hayes and Sons da ke titin Dee a Invercargill, shagon sayar da kayan aiki da ƙarafa. An ajiye shi tare da fasassun fistin ɗin a tsakanin kantocin kaya, kuma duk wanda ya shiga yana iya kallonsa kyauta.